Zango ɗaya na koyon Faransanci a ƙasar waje: tambayoyi da amsoshi ga ɗaliban Tawa da Yamai

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi fitowa daga bakin ɗalibai da iyayensu idan maganar tafiya waje koyon Faransanci ta taso. Dokokin biza da farashi suna yawan sauyawa, don haka duk adadin da aka ambata a nan a sake tabbatar da shi a wurin makaranta ko ofishin jakadanci kafin a fitar da ko dala.

Mu da muka yi lakwal da Faransanci tun daga CI, me zai kai mu wata ƙasa koyonsa?

Ba kowa ke bukatar tafiyar ba. Wanda ya gama Jami'ar Abdou Moumouni yana rubuta rahoto ba gargada, ya riƙe kuɗinsa. Amma akwai waɗanda tafiyar take yi wa rana. Akwai waɗanda suka biyo ta makarantun faranko-arab, ko suka yi karatu da Larabci a Jami'ar Musulunci ta Say, ko a Masar, Sudan da Madina, suka dawo da ilimi mai nauyi amma gasar ɗaukar ma'aikata ta gagare su. Akwai waɗanda suka yi karatu da Ingilishi a Sakkwato, Kano ko Zariya. Sai kuma waɗanda suka fi yawa: masu bak a hannu, suna karantawa suna fahimta, amma da an ce su miƙe su yi bayanin minti biyar sai harshe ya sarƙe.

Ba laifinsu ba ne. A Tawa Faransanci a bakin ƙofar aji yake tsayawa. Kasuwa, fada, gida, ɗan kabu-kabu, duk Hausa ce. A Yamai kuma Hausa da Zabarmanci. Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, abin farin ciki ne, amma ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Darasin jami'a da gasar aiki da takardun ofis, har yanzu mafi yawansu da Faransanci ake yi.

Me ya bambanta wannan karatu da darasin yamma da ake yi a cikin gari?

Yawan awoyi, da kuma rashin mafaka. A cibiyoyin da ke cikin jami'o'i zango yakan ɗauki mako 12 zuwa 13, ana shiga aji awa 15 zuwa 20 a mako. Zangon farko daga Satumba zuwa Disamba ko Janairu, na biyu daga ƙarshen Janairu zuwa Mayu. Ranar farko ana yin gwajin tantance mataki, rubutu da ƴar hira, a raba mutane aji-aji. Daga nan malami ba zai ƙara yi maka wani harshe ba, kuma abokan ajinka wataƙila ɗan Koriya ne da ƴar Burazil da ɗan Gana, babu abin da ya haɗa ku sai Faransanci. Ana yin nahawu, rubutu, sauraro, lafazi, da darussan zaɓi kamar tarihi ko Faransancin aikin ofis.

Shawara ɗaya a kan gwajin nan: kada ka nemi taimakon kowa, musamman idan ta intanet aka turo shi tun kana gida. Wanda ya yi wayo aka sa shi ajin da ya fi ƙarfinsa, zai yi wata huɗu yana gyaɗa kai bai tsinci komai ba. Idan kuma ka ga an sa ka ƙasa da matakinka, ka yi magana a makon farko, domin bayan haka ba a cika sauya wa mutum aji ba.

Zango ɗaya zai ishe ni in iya harshen?

Ya danganta da inda ka faro. Ana auna iya harshe da matakai shida: A1, A2, B1, B2, C1, C2. Bisa ƙiyasin da cibiyoyin koyarwa suke amfani da shi, wanda ya faro daga babu yana bukatar jimillar awa 160 zuwa 200 ya kai A2, kimanin 360 zuwa 400 ya kai B1, sannan 560 zuwa 650 ya kai B2. Zango ɗaya awa 180 zuwa 260 ne. Lissafin a fili yake: mataki guda za ka hau, mai ƙwazo ya ɗan zarce.

Jami'o'in Faransa B2 suke nema a mafi yawan fannoni, wasu kamar shari'a da adabi har C1. Saboda haka wanda ya fi cin ribar zango ɗaya shi ne mai B1. Wanda bai san komai ba, ba ma ba shi shawarar ya kwashi miliyoyi ya je koyon gaisuwa da ƙirga. Ya yi A1 da A2 a nan gida da malami, ya tafi da guzurinsa.

Wace ƙasa ta fi dacewa?

Nan ne ya kamata a zauna a yi dogon nazari, domin sunan Faransa yana rufe wa mutane ido daga abin da ke kusa.

A yankinmu akwai cibiyoyi tsofaffi da aka kafa don wannan aiki. A Lome akwai Village du Bénin, cikin harabar Jami'ar Lome, tun 1968. A Kwatano akwai CEBELAE ta Jami'ar Abomey-Calavi. A Dakar akwai sashen koyar da baƙin ɗalibai Faransanci, IFE, a Jami'ar Cheikh Anta Diop, a Abijan kuma CUEF a jami'ar Kokodi. Amfaninsu babba ne: sefa ɗaya muke kashewa da su, babu canji, babu sanyin ƙanƙara, masallaci da abincin halal suna ko'ina. Duk da fitar Nijar daga CEDEAO a ranar 29 ga Janairun 2025, ƙungiyar ta sanar cewa ƴan ƙasashen AES, wato Nijar, Mali da Burkina Faso, za su ci gaba da shige da fice ba biza har zuwa wani sabon umurni. Akwai kuma umurnin UEMOA, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka masu kashe sefa, na 2005 da ya ce a daidaita kuɗin rajista tsakanin ɗaliban ƙasashen ƙungiyar a jami'o'in gwamnati. Cibiyoyin harshe sukan yanka nasu farashin dabam, amma ka tambaya, ka nuna kai ɗan UEMOA ne.

Rauninsu shi ne titi. A Dakar Wolof ake yi a kasuwa da cikin mota, a Lome Mina da Ewe, a Kwatano Fon. A Rabat da Tunis kuwa, ga mai tunanin zuwa can, Larabcin gida ne, kuma wanda ya riga ya iya Larabci zai sami kansa yana komawa gare shi kullum. Abijan ce ta fi yin Faransanci a titi, sai dai na titin ya gauraye da nushi, yaren samari, wanda ba ya shiga takardar jarabawa. A Lome da Kwatano kuma ɗalibai da yawa ƴan Najeriya da Gana ne, don haka a ɗakin kwana Ingilishi da Hausa za ka riƙa ji.

A Faransa harshen yana kewaye da kai dare da rana. Sanannun wurare sun haɗa da CAVILAM a Vichy, CLA a Besançon, CUEF a Grenoble, CIDEF a Angers, da Institut de Touraine a Tours. Duk ƙananan birane ne ko matsakaita, kuma da gangan muka ambace su: haya ta fi sauƙi nesa ba kusa ba in an gwada da Paris, mutane kuma sun fi samun lokacin tsayawa su yi maka magana. Kebek ta Kanada ma tana nan. Karatun da bai wuce wata shida ba ba ya bukatar izinin karatu, amma sai da bizar baƙo, tikiti yana da tsada, lafazinsu kuma dabam ne.

Ra'ayinmu: mai neman Faransancin aiki a nan gida, Lome, Dakar ko Abijan sun wadatar. Mai niyyar ci gaba da digiri a Turai kuma iyalinsa na da hali, shi ne Faransa ta dace da shi.

Kawuna yana kasuwanci a Abijan, ya ce in sauka gidansa. Ba sauƙi ba ne?

Sauƙi ne ga aljihu, amma shi ne babban abin da ke kashe wannan tafiya. Kowa ya san yadda Adarawa suka cika Abijan tun kaka da kakanni, haka Zangon Lome da na Kwatano. Ka tashi da Hausa, ka karya da Hausa, ka je aji awa huɗu, ka dawo shago ka taya kawu ciniki da Hausa, da dare a zauna shayi ana labarin damina a gida. A haka babu abin da ya sauya daga zamanka na Tawa sai kuɗin mota.

Ba muna cewa ka ƙi zumunci ba. Ka sauka wurinsa kwana uku na farko, ka riƙa zuwa ranar Juma'a ku yi sallah tare ku ci abinci, amma ka kwana inda ba mai jin Hausa. Idan babu halin kama ɗaki, to a yi yarjejeniya tun farko, a gaban mahaifinka in ya yiwu: kai ɗalibi ne, ba yaron shago ba, kuma daga safe zuwa magariba kana makaranta ko ɗakin karatu. Ƴaƴan kawun da aka haifa can sukan fi kowa iya Faransanci. Ka roƙe su kada su yi maka Hausa.

Waya ma zangon Hausawa ce. Wanda ya kwana yana sauraren saƙon murya na WhatsApp daga fadarsu, jikinsa ne kawai ya yi tafiya.

Yaya zan gane makarantar gaskiya?

A Faransa akwai tambarin gwamnati mai suna Qualité FLE, tun 2007, da jerin cibiyoyin da suka same shi a intanet. Ka duba sunan makarantar a cikin jerin, kada ka tsaya ga hoton tambarin a shafinta. A yankinmu ka fifita cibiyar da ke ƙarƙashin jami'ar gwamnati. Ka rubuta musu da kanka ka tambayi awa nawa a mako, mutum nawa a aji, wace takarda ake bayarwa a ƙarshe, da ƙa'idar mayar da kuɗi. Kuɗin makaranta asusun makaranta yake shiga, da sunanta. Duk wanda ya ce ka tura wa lambar wani mutum, ko ya ce yana da hanya ta samun biza tabbas, ka rabu da shi.

Waɗanne takardu zan tanada, kuma yaushe zan fara?

Ka fara wata shida kafin buɗe makaranta idan Turai ce, wata uku idan maƙwabta ne. Abin da aka saba nema: fasfo, takardar haihuwa, takardar zama ɗan ƙasa, difloma ta ƙarshe da takardun maki, hotuna, wani lokaci da kaziye, takardar kotu mai nuna ko an taɓa hukunta ka. Kaziye wata uku yake aiki, don haka shi ne na ƙarshen karɓa. Kwafi sai an buga musu hatimin tabbatarwa. Takardun Larabci ko Ingilishi sai mai fassara da kotu ta rantsar ya fassara su.

Abin da ya fi ɓata wa mutane lokaci shi ne suna. Takardar haihuwa ta ce Mahamadou, difloma ta ce Mohamed, fasfo ya ce Mahamane. Ko ranar haihuwa ta bambanta. Ka baje takardunka duka a kan tabarma ka gwada su harafi da harafi, domin gyara a kotu yana cin makonni.

Don Turai, dole fasfo ya zama bai wuce shekara 10 da bayarwa ba, yana da shafi biyu babu komai, kuma zai ƙara aƙalla wata uku bayan ƙarewar biza. Don ƙasashen gaɓar teku, katin rigakafin shawara wajibi ne. Yana fara aiki kwana 10 bayan allurar, kuma tun 2016 allura ɗaya ta isa har tsawon rai.

Yaya maganar bizar Faransa take yanzu?

Ta yi wuya fiye da da. An rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai a Janairun 2024, kuma ƙa'idar ofisoshin jakadanci ita ce mutum ya nemi biza a ƙasar da yake zaune bisa doka. Kafin ka biya ko sisi, ka shiga shafin France-Visas ka ga ofishin da ke karɓar takardun ƴan Nijar a lokacin, ka kuma sa kuɗin tafiya da zaman jira a wata ƙasa cikin lissafinka.

Bizar gajeren zama ta Shengen kwana 90 ce cikin kowane kwana 180, kuɗinta yuro 90, ba a kuma tsawaita ta don karatu. Zango ya fi kwana 90, don haka ta dogon zama ake nema. Iri biyu ce, kuma bambancin yana da muhimmanci. VLS-T ta wucin gadi ce: ba aiki, ba tallafin haya, ba sabuntawa a can. VLS-TS kuwa tana zaman takardar izinin zama. Dole ka tabbatar da ita ta intanet cikin wata uku da isarka, ka biya harajinta. Wanda ya manta da wannan, zamansa ya saɓa wa doka ko da bizar tana manne a fasfo. Ofishin ne ke zaɓar wadda zai ba ka, sau da yawa mai zango ɗaya ta farkon yake samu.

Ana ƙin bayarwa galibi saboda abu biyu: kuɗin da ba a san asalinsa ba, kamar miliyan uku da suka faɗo asusu ana saura mako guda, da kuma rashin dalili mai gamsarwa. Ɗan ƙasar da ake aiki da Faransanci sai ya yi bayani sosai kan me ya sa yake bukatar darasin: ya nuna takardunsa na Larabci ko Ingilishi, ko sakamakon gwaji, ya kuma faɗi abin da zai yi da harshen in ya gama.

Nawa zan kashe?

Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya motsi. Shekaru da yawa mafi ƙarancin abin da Faransa ta riƙa neman ɗalibi ya nuna shi ne yuro 615 a wata, wato kimanin jikka 403. Wata biyar ya haura miliyan 2 kaɗan, kuma wannan na cin abinci da haya ne a ƙaramin gari, a Paris ba ya kaiwa ko'ina. Kuɗin zango a cibiyoyin jami'a yakan fara daga wajen yuro 1,000 ya haura 2,000, masu zaman kansu sun fi haka. Ƙara tikiti, biza, inshora, ajiyar haya da kayan sanyi.

A ƙasashen UEMOA abin ya sauko sosai, kuma iyaye suna iya turo kuɗin wata-wata ta kamfanonin aika kuɗi da aka saba da su. Sai dai a yi shirin kuɗin shiga ɗaki: a Kodibuwa doka ta yarda mai gida ya karɓi hayar wata biyu gaba da ajiyar wata biyu. Tura kuɗi zuwa Turai ta banki kuma yana bukatar shaidar rajista da takardar kuɗin makaranta, yana ɗaukar kwanaki. Ko ina za ka, ka ware kuɗin wata guda da ba za ka taɓa ba.

Zan iya yin ɗan aiki in rage nauyi?

Da VLS-TS doka ta yarda da awa 964 a shekara. Da VLS-T ko gajerar biza, a'a. Ko da izinin, kada ka gina lissafinka a kai. Kafin baƙo mai B1 ya sami aiki, rabin zango ya wuce.

Akwai bursu?

Na darasin harshe zalla ba su da yawa. Ka tambayi ANAB, hukumar ba da bursu ta ƙasa, a Yamai, da ofishin hulɗa da waje na jami'arka, ko Abdou Moumouni ce ko Djibo Hamani ta Tawa, ko akwai yarjejeniyar musayar ɗalibai. Ma'aikaci kuma ya gwada neman ma'aikatarsa ta ɗauki nauyi a matsayin ƙarin horo.

Wane masauki ya fi?

Don harshe, zama da iyali ya fi komai, domin cin abincin dare da su darasi ne na awa guda kullum. Makaranta ce ke haɗawa. Ka rubuta tun farko cewa ba ka cin alade, ba ka shan giya, kuma ko za ka iya zama da kare a gida, domin gidaje da yawa suna da shi. Ɗakin jami'a ya fi araha amma kaɗaici ya fi yawa.

In haya za ka kama a Faransa, ajiya ba ta wuce wata ɗaya a ɗakin da ba kaya, wata biyu a mai kaya. Akwai yarjejeniyar haya ta wata 1 zuwa 10 mai suna bail mobilité wadda ba a karɓar ajiya a cikinta. Inshorar ɗaki dole ce. Ranar shiga ana zagaya ɗakin a rubuta halin da yake ciki. Ka ɗauki hoton kowane tabo da tsagewa, in ba haka ba daga ajiyarka za a cire. Kada ka tura kuɗi don ɗakin da ba ka gani ba, sai in ta hannun makaranta.

Wace matsala ce ta fi damun Bahaushe a lafazi?

Sautukan da Hausa ba ta rarrabe su ba. P da f su ne kan gaba: port da fort sai su fito iri ɗaya. Sa ƴar takarda gaban baki. A p leɓɓa biyu suna rufewa su fashe, a f haƙoran sama suna kan leɓen ƙasa iska na fita. V yana komawa b. Sai u da ou: ka ce "i", ka bar harshe inda yake, ka tsuke leɓɓa kamar mai fito, shi ne u. Wanda bai gyara wannan ba zai ce dessous yana nufin dessus, ƙasa a maimakon sama. Sautukan hanci uku, na bain, banc da bon, kunne ne ke fara koyonsu kafin baki. Jinsin suna kuma bai bi na Hausa ba, don haka kowace kalma a haddace ta da le ko la ɗinta.

Akwai kuma gigicewar makon farko: Faransancin baka yana haɗiye kalmomi, ana zubar da ne, ana gudu. Wanda ya saba da na malamin lakwal sai ya ji kamar wani harshe ne. Bayan mako biyu zuwa uku kunne yake buɗewa.

Me zan riƙa yi bayan an tashi daga aji?

Awa ɗaya zuwa biyu na bita a ranar, ba a tara wa Lahadi ba. Labaran rediyo da safe. RFI tana da shirin labarai cikin sauƙaƙan Faransanci na minti 10 tare da rubutunsa. Shafi ɗaya na rubutu kullum, ka kai wa malami abin da ya yarda ya duba, ka tara kurakuranka a littafi guda, domin kuskure biyar zuwa shida ne suke ta maimaituwa. Ka shiga ƙungiyar ƙwallo ko ta aikin sa kai, inda dole ka yi magana. Ka mayar da wayarka Faransanci. Kiran gida kuma a sa masa lokaci, a faɗa wa Inna tun kafin tafiya don kada ranta ya ɓaci.

Malam, ɗiyata ce za ta tafi. Yaya batun hijabi, sallah da abinci?

Alhaji, a Dakar, Lome, Abijan ko Kwatano ba wata damuwa. A Faransa dokar 2004 ta hana ɗalibai sa hijabi a makarantun gwamnati na firamare da sakandare, amma ba ta shafi jami'a ba. Dokar 2010 kuma ta hana rufe fuska a bainar jama'a, wato niƙabi. Jami'o'in gwamnati ba su ware wurin sallah, ana kuma iya sa darasi ranar Juma'a da rana. A Disamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 5, azahar, la'asar da magariba suna matsowa kusa da juna, don haka ta duba jadawalinta ta tsara. Mahautan halal suna kusan kowane birni. Ta riƙa karanta bayan kwali, ta kula da porc, lardons da gélatine. A ƴan shekarun nan azumi yana faɗawa farkon shekara, cikin zango na biyu, yini gajere ne.

Ku nemi makaranta ta ba ta iyalin da mace ke jagoranta ko ɗakin ƴan mata, ku karɓi lambar jami'in da ke kula da baƙin ɗalibai, kuma a tabbatar akwai mai tarbarta a filin jirgi. Fasfonta ya zauna a hannunta, ba a hannun kowa ba.

Ta ina zan bi, kuma me zan ɗauka?

Daga Tawa zuwa Yamai kimanin kilomita 550 ne ta Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso. Ka iso kwana biyu kafin tashin jirgi. Air France ta daina zuwa Yamai tun Agustan 2023, don haka Turai sai ta Kasabalanka, Istambul ko wani gari. Ka duba ko wurin sauya jirgin yana bukatar biza. Hanyar mota zuwa gaɓar teku ta rikice tun da aka rufe gadar Gaya da Malanbil a 2023, ta Burkina kuma akwai batun tsaro. Ka tambayi kamfanin mota halin da ake ciki a makon tafiyarka, in da hali ka hau jirgi zuwa Lome ko Abijan.

Kilishi da cuku ba sa shiga Tarayyar Turai: an hana shigo da nama da kayan madara cikin jakar matafiyi, ƙwacewa ake yi, har da tara. Rigar sanyi mai nauyi a can ake saye, ta nan ba ta riƙe sanyin Janairu. Mai shan magani kullum ya tafi da takardar likita. Mai zuwa gaɓar teku kuma ya ɗauki gidan sauro.

DELF ko TCF, wanne zan yi?

DELF da DALF difloma ce ta ma'aikatar ilimin Faransa, ba ta tsufa. Kai ke zaɓar mataki. Sassa huɗu ne, sauraro, karatu, rubutu da magana, kowanne maki 25. Ana ci da 50 cikin 100, amma wanda ya sami ƙasa da 5 a sashe guda ya faɗi ko da jimillarsa ta kai. A B2 rubutun awa ɗaya ne, aƙalla kalma 250, maganar kuma minti 20 bayan shirin minti 30. TCF gwaji ne da ke nuna inda kake, ba ci ba faɗuwa, amma shekara 2 kawai yake aiki.

Mai lokaci ya yi DELF. Ka tambayi ranar jarabawa a makon farko, domin rajista tana rufewa makonni kafin ranar, kuma kuɗinta dabam ne da na makaranta. Diflomar da jami'a ke bayarwa, DUEF, tana da daraja, amma ta jami'ar ce, ba kowace makaranta ke karɓarta a madadin DELF ba.

Jami'ata za ta ƙirga mini zangon?

Sai in an rubuta kafin ka tafi. A tsarin LMD, wato lisans, masta da doktora, zango kiredi 30 ne, amma darasin harshe ba ya maye gurbin darussan fanninka haka kawai. Ka je wurin shugaban sashe da ofishin rajista, ka karɓi takarda mai hatimi da ta faɗi abin da za a ƙirga da yadda za a ajiye maka gurbinka. Mafi sauƙi shi ne a yi tafiyar tsakanin lisans da masta.

In an hana ni biza, kuɗina fa?

Kuɗin biza ba ya dawowa. Makarantu da yawa suna mayar da nasu in ka tura takardar ƙin a kan lokaci, su cire kuɗin buɗe fayil. Ka karanta wannan sharaɗi kafin ka biya. Ana iya ɗaukaka ƙara ga hukumar duba ƙarar ƙin biza da ke Nantes a Faransa cikin kwana 30, amma kafin amsa ta zo an yi nisa da karatu. Ya fi ka roƙi makaranta ta ɗage maka zuwa zango na gaba, ka gyara abin da takardar ƙin ta ambata. Kada ka sayi tikitin da ba a sauya masa rana kafin biza ta fito.

Me zan karɓo kafin in baro makarantar?

Takardar shaidar halarta mai ɗauke da yawan awoyi da matakin da ka kai, da takardar maki, duk da hatimi. Ainihin difloma takan ɗauki watanni, don haka ka karɓi shaidar wucin gadi, ka bar adireshi mai tabbas ko ka wakilta wani a rubuce. Ka nemi malami ɗaya ya rubuta maka wasiƙar shaida tun yana tuna fuskarka. Ka sanar da mai gida ranar tashinka bisa wa'adin da ke cikin yarjejeniya, ku zagaya ɗaki tare ku sa hannu. A Faransa ajiya tana dawowa cikin wata ɗaya in ba a sami ɓarna ba, wata biyu in an samu, saboda haka kada ka rufe asusun banki sai ta shigo. Ka kuma fita kafin ranar ƙarshe da ke kan bizarka, domin ko kwana ɗaya ka ƙara zai bayyana duk ranar da ka sake nema.